John Goodricke, kurman da ya gano husufin tauraron Algol

A daren 12 ga watan Nuwamba na shekarar 1782, a birnin York da ke arewacin Ingila, wani saurayi ɗan shekara 18 ya ɗaga kai ya dubi wani tauraro da ya saba gani, sai ya tarar haskensa ya dushe. Kwanaki kaɗan kafin nan, tauraron na cikin mafi haske a wannan sashe na sama. Saurayin ya ci gaba da kallo har kusan awa guda, yana gani hasken na ƙaruwa a gaban idonsa. Abin da ya rubuta a kundinsa ya nuna bai yarda da idonsa ba da farko: ya yi zaton ko lahani ne a ganinsa, ko hazo ne ya gitta. Bai taɓa jin labarin tauraron da ke sauya haske da irin wannan sauri ba, kuma a wancan zamani babu wanda ya taɓa ji.

Sunan saurayin John Goodricke. Kurma ne tun yana ƙarami, kuma shekara uku da rabi kawai suka rage masa a duniya. A cikin wannan ɗan taƙin ya buɗe ƙofar binciken da masana sararin samaniya ke kira tagwayen taurari masu husufi, wato taurari biyu da ke kewaya juna, ɗaya na shiga gaban ɗaya yana tare mana haskensa.

An haife shi ranar 17 ga watan Satumba na 1764 a garin Groningen na ƙasar Holand. Mahaifinsa, Henry Goodricke, Ba'ingile ne ɗan babban gida. Mahaifiyarsa, Levina Sessler, ƴar wani attajiri ce ta wannan yanki na Turai. Kakansa, wanda ya ci sunansa, jakadan Ingila ne a ƙasar Suwidin, mai gidan gona da filaye a Ribston, cikin yankin Yorkshire. Wani zazzaɓi mai tsanani da ya kama yaron tun yana ƙanƙane ya tafi da jinsa.

A Turai ta ƙarni na 18, yaron da ya kurmance yawanci an gama da maganarsa. Mutane na ɗaukar wanda ba ya ji a matsayin wanda ba ya da hankali, kuma wannan zato bai ƙare ba har yau a wurare da dama. Abin da ya raba Goodricke da dubban yara irinsa shi ne dukiyar gidansu. Yana da kimanin shekara 8 aka kai shi Edinbura, makarantar Thomas Braidwood, wadda ita ce makarantar kurame ta farko a Birtaniya. An buɗe ta a 1760, kusan lokaci guda da wadda limamin coci Charles-Michel de l'Épée ya kafa a Paris. Bambancin shi ne ta Paris kyauta ce, ta karɓi ƴaƴan talakawa, ita kuwa ta Braidwood sai mai hali. A can yaron ya koyi karatu da rubutu da lissafi, ya koyi karanta magana daga motsin leɓɓa, ya kuma koyi furta kalmomin da bai taɓa jin sautinsu ba.

A 1778 ya wuce makarantar Warrington, inda ya zauna aji ɗaya da yara masu ji. Malaminsa William Enfield ya koya masa lissafi da kimiyya, kuma littafin lissafinsa na makaranta yana nan a adane har yanzu. A 1781 ya koma wurin iyayensa a York, a wani tsohon gida da ake kira Gidan Ma'aji, dab da babbar cocin birnin.

Maƙwabci

A nan ne sa'a ta haɗa shi da Edward Pigott, wanda ya girme shi da shekara 11. Mahaifin Pigott, Nathaniel, masanin taurari ne da ya gina ɗakin duba sama a bayan gidansa, ya cika shi da kayan aiki masu tsada. Su ƴan ɗarikar Katolika ne, a zamanin da dokokin Ingila suka toshe wa mabiya wannan ɗarika ƙofofin jami'a da na aikin gwamnati, kuma sun yi shekaru suna zaune a Faransa. Wataƙila shi ya sa mutanen biyu suka fahimci juna da wuri: kowannensu na da abin da ya ajiye shi a gefen jama'a. Goodricke ya buɗe kundin dubansa a watan Nuwamba na 1781, kuma abubuwan farko da ya rubuta sun shafi wani tauraro mai wutsiya da Pigott ya hango, da kuma wani sabon abu da William Herschel ya gano a wannan shekara, wanda daga baya aka tabbatar duniya ce mai kewaya rana, Uranus.

Pigott ne ya jawo hankalinsa ga taurari masu sauya haske. A lokacin ƴan kaɗan aka sani. Mafi shahara shi ne Mira, wanda David Fabricius ya lura da shi a 1596. Shi kuwa yakan ɗauki kusan wata 11 kafin ya kammala zagaye ɗaya na haskakawa da dushewa. Sauran ma haka suke, a hankali, cikin watanni. Pigott ya tattara jerin taurarin da magabata suka taɓa zargi da sauyi, suka raba aikin sa ido. A cikin jerin akwai Algol.

Sunan Algol daga Larabci ya fito, ra'asul gul, wato kan dodo. Girkawa sun sanya tauraron a rukunin da suke kira Perseus, a matsayin kan wata dodanniya da jarumin ya sare yana riƙe da shi. Masana taurari na Larabawa suka fassara hoton zuwa harshensu, Turawa kuma suka gaji sunan a karye. Wani Ba'italiye, Geminiano Montanari, ya taɓa lura a wajajen 1667 cewa hasken Algol na raguwa wani lokaci. Amma sama da shekara 100 ba wanda ya zauna ya bi diddigin abin.

Aikin da Goodricke ya yi ba ya buƙatar babban madubin hangen nesa. Ido ne, da agogo, da alƙalami. Yakan dubi Algol, ya dubi taurarin da ke kusa da shi waɗanda haskensu ba ya sauyawa, ya rubuta: ya fi wannan, ya yi daidai da wancan, bai kai wancan ba, da ƙarfe kaza. Ya sake bayan ɗan lokaci. Wahalar tana wurin jira. Bayan daren 12 ga Nuwamba, tauraron ya ƙi sake dushewa a idonsa har mako shida. Sai ranar 28 ga watan Disamba abin ya sake faruwa, kuma a wannan karo Pigott ma ya gani daga gidansa. Shaida ta zama biyu.

Yanzu da aka san lissafin, ana iya ganin abin da ya ɓace masa. Tsakanin waɗannan ranaku biyu akwai kwana 46, kuma a ciki Algol ya kammala zagaye 16. Wasu dushewar sun faɗo da rana tsaka, wasu a ƙarƙashin gajimare, domin damunar sanyi a arewacin Ingila ba ta cika barin sama a buɗe ba. Daga ƴan guntayen da sama ta ba shi dama ya gani, tilas ya gano tazarar da ke raba su duka ba tare da saura ba. Ya ci gaba da tsaro har watanni biyar. Kafin Algol ya kusanci rana ya ɓace daga sararin dare a bazarar 1783, ya samu amsar: kwana 2 da awa 20 da minti 45. Tauraron yakan zauna da cikakken haskensa mafi yawan lokaci, sa'an nan cikin ƴan awoyi ya ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku, ya kuma komo cikin ƴan awoyi kamar ba a yi ba.

Ya rubuta sakamakon cikin wasiƙa zuwa ga Anthony Shepherd, farfesa a jami'ar Kambirij, aka karanta ta gaban ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society a Landan cikin watan Mayu na 1783. Herschel da wasu suka duba da kansu suka tabbatar. A wannan shekara ƙungiyar ta ba shi lambar Copley, mafi girman lambobinta, irin wadda Herschel ya karɓa shekara biyu kafin nan saboda gano Uranus. Goodricke na da shekara 19.

Zato biyu

A ƙarshen wasiƙar, cikin taka-tsantsan, ya kawo dalilai biyu da za su iya haifar da abin da ya gani. Na farko: akwai wani babban abu da ke kewaya Algol, yana gittawa tsakaninmu da shi a kowane zagaye, kamar yadda wata ke shiga gaban rana a yi husufi. Na biyu: tauraron na da wani ɓangare mai baƙin tabo, yana juyawa a kan kansa, duk sa'ad da tabon ya fuskanto mu sai haske ya ragu.

Zato na farko shi ne daidai, kuma da shi ake tuna Goodricke a littattafan makaranta. Sai dai labarin bai miƙe haka ba. Masana tarihin kimiyya da suka karanta kundayen mutanen biyu, musamman Michael Hoskin na Kambirij, sun nuna akwai alamar Pigott ne ya fara kawo maganar husufin, ya bar ƙaramin abokinsa ya buga aikin da sunansa shi kaɗai. Abu na biyu kuma, wanda ba a cika faɗa ba: Goodricke da kansa ya ja da baya daga wannan ra'ayi, ya karkata ga maganar tabo.

Ba za a ga laifinsa sosai ba. Bayanin tabo shi ne wanda manya suka yarda da shi tun da Bafaranshe Ismaël Boulliau ya kawo shi a 1667 game da Mira, kuma kowa ya san rana na da tabo-tabo. Herschel ya auna Algol da madubansa, waɗanda babu kamarsu a duniya a lokacin, bai ga wani abokin tafiya kusa da shi ba. Ko batun cewa taurari biyu na iya kewaya juna bai tabbata ba sai a farkon ƙarni na 19. Uwa uba, abubuwan da Goodricke ya gano daga baya su ne suka rikita masa lissafi.

A daren 10 ga watan Satumba na 1784, ya gano cewa tauraron Beta Lyrae na sauya haske. A daren nan kuma Pigott ya gano haka game da Eta Aquilae. Cikin watan Oktoba Goodricke ya ƙara da Delta Cephei. Cikin shekara biyu, mutum biyu a gari ɗaya sun fito da taurari huɗu masu sauyi cikin kwanaki, alhali kafin su ba a san ko ɗaya ba. Amma sababbin ba su yi kama da Algol ba. Beta Lyrae na dushewa sau biyu a zagaye ɗaya na kusan kwana 13, ɗaya mai zurfi ɗaya marar zurfi, kuma haskensa ba ya taɓa tsayawa cik. Delta Cephei na haskakawa da sauri, ya dushe a hankali, cikin kwana 5 da awa 8 da ƴan mintoci. Husufi ba ya yin haka. Abin da ya shiga gaban fitila, yadda ya shiga haka yake fita. Goodricke ya so bayani ɗaya da zai ɗauke su duka, ya ga tabo ya fi saukin lanƙwasawa.

Gaskiyar ita ce ba abu ɗaya ba ne. Beta Lyrae tagwaye ne masu husufi, sai dai sun matsu da juna har siffarsu ta koma kamar ƙwai. Delta Cephei kuwa ba husufi yake ba, kumbura yake yana saɓewa kamar ƙirjin mai numfashi, abin da ba a fahimta ba sai a ƙarni na 20. Da kayan aikin 1784 babu hanyar rarrabe su.

Abin da bai yi kuskure a kai ba shi ne lokaci. A takardarsa ta biyu game da Algol, ya haɗa nasa dubawar da wata tsohuwa da John Flamsteed ya rubuta tun ƙarshen ƙarni na 17, ya gyara adadin zuwa kwana 2 da awa 20 da minti 49. Tsakaninsa da abin da na'urorin yau suka auna, bambancin na ƴan sakan ne. Wannan ne ainihin gadonsa, fiye da zaton da ya yi ya kuma saki. Kafin shi ana cewa tauraro kaza na sauyawa. Bayansa ana iya cewa zai dushe ran kaza da ƙarfe kaza, a fita waje a gani.

Mahaifinsa ya rasu a 1784, shi ya zama magajin kakansa. Bai daina fita cikin dare ba. Delta Cephei ya fi cinye masa lokaci, ya bi shi darare masu yawa cikin sanyin York. A watan Afrilu na 1786 Royal Society ta zaɓe shi mamba. Ranar 20 ga wannan wata ya rasu, yana da shekara 21. Yawancin masu tarihinsa sun ce ciwon huhu ne, Pigott kuma ya ɗora alhakin a kan sanyin dare da ya yi ta sha. An binne shi a kabarin danginsu da ke ƙauyen Hunsingore. Bai yi aure ba. Sarautar gidan ta faɗa hannun ƙanensa bayan rasuwar kakansu a 1789.

Pigott ya rayu har 1825. Ya gano wasu taurari biyu masu sauyi a 1795, R Scuti da R Coronae Borealis. Ƙungiyar da ta karrama abokinsa ba ta taɓa zaɓensa mamba ba.

Shekara 106

Hujjar da Goodricke ya rasa ta zo ne a 1889 daga Potsdam na ƙasar Jamus. Hermann Carl Vogel ya yi amfani da na'urar da ke rarraba hasken tauraro zuwa launuka kamar bakan gizo. A cikin launukan akwai wasu siraran layuka baƙaƙe, waɗanda kan gusa gefe ɗaya idan tauraro na tahowa wajenmu, su gusa ɗaya gefen idan yana nisanta, kamar yadda jiniyar motar asibiti ke sauya murya sa'ad da ta wuce mutum. Vogel ya ga Algol na nisanta kafin dushewa, yana kuma tahowa bayanta, a kan tazarar nan ta kwana 2 da awa 20. Tabo ba zai sa tauraro ya yi ta kai da komo ba. Akwai abin da ke jan sa.

A 1910, a Amurka, Joel Stebbins ya auna hasken Algol da wata na'urar lantarki, ya gano ƙaramar dushewa ta biyu a tsakiyar zagayen, wadda ido ba ya iya gani. Wannan ya nuna abokin tafiyar ba duhu ba ne ƙirin. Shi ma tauraro ne mai nasa haske. A kwatanta da mutum biyu can nesa cikin daji da dare, ɗaya da fitila mai ƙarfi, ɗaya da aci-balbal, suna zagaya juna. Daga nesa haske ɗaya za a gani. In mai aci-balbal ya shiga gaba, haske ya faɗi sosai. In ya koma baya, abin da ya ragu kaɗan ne.

Yau an san Algol na nesa da mu da kimanin shekarun haske 90, kowace shekarar haske kuwa kusan kilomita miliyar 9,460 ce. Taurari uku ne ma, ba biyu ba: na ukun na kewaya tagwayen cikin kimanin kwana 680. Mai hasken ya fi rana nauyi sau uku da ɗori. Marar hasken bai kai rana nauyi ba, amma ya fi ɗan'uwansa faɗi, shi ya sa yake iya tare yawancin haskensa na kusan awa 10. Tazarar da ke tsakaninsu kimanin kilomita miliyon 9 ce, alhali tsakaninmu da rana miliyon 150 ne. Ba mamaki Herschel bai iya raba su ba.

Wannan tsari ya daɗe yana ɗaure wa masana kai. A ƙa'ida, tauraro mafi nauyi shi ke saurin tsufa, amma a Algol marar nauyin ne tsoho. Warwarar ita ce: a da shi ne babba, da ya tsufa ya kumbura sai ɗan'uwansa ya yi ta zuƙe masa jiki har ya fi shi. Daga Algol aka koyi cewa taurari na iya cin juna.

Amfanin tagwaye masu husufi ya wuce nan. Tauraro ɗaya tilo ba ya nuna nauyinsa. Amma idan biyu na kewaya juna suna husufi, tsawon husufin da zurfinsa da saurin tafiyarsu na ba da nauyin kowanne da faɗinsa kai tsaye, kuma mafi yawan abin da aka tabbatar game da girman taurari daga nan ya fito. A 2019 wata tawagar masana ta yi amfani da irin waɗannan tagwaye ta auna nisan tarin taurarin nan da ake kira Babban Gajimaren Magellan, kimanin shekarun haske 160,000, da kuskuren da bai wuce kashi 1 cikin 100 ba. Dabarar jiran haske ya ɗan ragu kuma ita ce na'urar Kepler, da aka harba a 2009, ta bi ta gano duniyoyi sama da 2,000 da ke kewaya wasu taurari.

Shi kuwa Delta Cephei, wanda ya kawar da Goodricke daga hanya, shi ya ba da suna ga wani jinsin taurari gaba ɗaya. A 1912 Henrietta Leavitt ta jami'ar Harvard, wadda ita ma ta rasa jinta a hankali bayan wata rashin lafiya, ta nuna cewa tsawon zagayen irin waɗannan taurari na faɗin ainihin ƙarfin haskensu, saboda haka na faɗin nisansu. Da wannan ma'auni Edwin Hubble ya tabbatar a shekarun 1920 cewa Andromeda wani tarin taurari ne daban, can waje da namu.

A York akwai allo a bangon Gidan Ma'aji da ke tuna aikinsa, ɗaya daga cikin kwalejojin jami'ar birnin na ɗauke da sunansa, haka ma wani ƙaramin dutse mai lamba 3116 da ke kewaya rana. Algol kuwa ana ganinsa sarai daga Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, da ido kawai. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan sallar isha'i, yana can sama a arewacin Kaza da ƴaƴanta, in ƙurar hunturu ta lafa. Manhajojin duba taurari na wayar salula na nuna wurinsa, kuma ana samun jadawalin ranaku da awoyin dushewarsa a intanet.